Dunƙulen Dabino da Gyaɗa: Abin da Ya Kamata Ya Koma Jakar Ɗan Makaranta

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin makarantar firamare lokacin da aka kaɗa ƙararrawar tara, ya san inda kuɗin da iyaye ke bai wa 'ya'yansu suke ƙarewa. Yara na fitowa sai su yi dafifi a gaban masu tebur, wannan ya sayi biskit, wancan minti ko cingam, mai ɗan hali kuwa ya haɗa da lemon kwalba. Kafin a tashi yunwa ta sake dawowa, domin abin da aka ci bai wuce fulawa da sukari da kala ba. Alhali kuwa a cikin kasuwar garin akwai dabino da gyaɗa da aya da riɗi, waɗanda idan aka haɗa su a turmi za su ba da abin taɓawa da ya fi waɗancan amfani nesa ba kusa ba, kuma ba ya bukatar a ɗora tukunya a kansa.

A ƙasashen Turai da Amurka masu kula da lafiyar jiki sun rungumi irin wannan haɗi. Sukan niƙa dabino da 'ya'yan itatuwa masu maiƙo, su mulmula su kamar ƙwallo, su sayar a manyan kantuna da tsada a matsayin abincin ƙara kuzari. Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan dabara, domin tun kaka da kakanni mata ke kirɓa aya da gyaɗa su yi dakuwa, ko su haɗa riɗi da zaƙi su yi kantu. Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Abin da ya rage shi ne a dubi wannan tsohuwar sana'a da idon kimiyya, a ga inda ƙarfinta yake, a kuma gyara inda take da rauni.

Alƙaluman masana abinci sun nuna cewa giram 100 na dabino yana ɗauke da kalori kusan 280, da sukari fiye da giram 60, da sinadarin fotasiyam, da kuma kimanin giram 7 na zaren abinci, wato abin nan mai kama da dusa wanda hanji ba ya narkarwa amma yake sauƙaƙa bayan gida. Raunin dabino shi ne ƙarancin sinadarin gina jiki, domin abin da ke cikinsa bai wuce giram 2 ba. A nan ne gyaɗa take cike giɓin. Giram 100 nata yana da kalori kusan 570, da sinadarin gina jiki kimanin giram 25, kuma kusan rabin nauyinta mai ne. Idan suka haɗu a ciki, sukarin dabino yakan ba da ƙarfi nan take, shi kuwa man gyaɗa da zaren abinci sukan jinkirta narkewa, ta yadda sukarin zai riƙa shiga jini sannu a hankali. Wannan ne dalilin da ya sa wanda ya ci haɗin yake daɗewa bai ji yunwa ba.

Ƙarfin gyaɗa a wannan fanni ba zato ba ne. A shekarar 1996 wani likitan yara ɗan Faransa mai suna André Briend, tare da Michel Lescanne, suka ƙirƙiro Plumpy'Nut, wani haɗi na markaɗaɗɗiyar gyaɗa da madarar gari da sukari da mai da sinadaran ƙarin lafiya, wanda aka yi amfani da shi sosai wajen ceto yara masu tamowa a lokacin yunwar da ta afka wa Jamhuriyar Nijar a 2005. Dunƙulen gida ba zai maye gurbin wannan magani ba, kuma yaro mai tamowa asibiti ne wurinsa. Sai dai darasin a bayyane yake: gyaɗar da ake rainawa a tire ita ce ƙashin bayan abincin da ya ceci rayuka masu yawa.

Haɗa dunƙulen ba shi da wuya. Ana samun dabino mai laushi giram 200 bayan an cire ƙwallayensa, da soyayyiyar gyaɗa giram 100 wadda aka murje aka bakace ɓawonta. A fara daka gyaɗar har ta soma fitar da mai, sannan a zuba dabinon a ci gaba da kirɓawa har su haɗe su yi danƙo. Mai so zai iya ƙara garin citta ko kanumfari kaɗan, ko ya maye wani kaso na gyaɗar da soyayyiyar aya. Daga nan sai a mulmula, a birkiɗa a cikin riɗi ko gogaggiyar kwakwa don kada su manne wa juna. Wannan awo yakan ba da dunƙule 12 masu nauyin giram 25 kowanne. Guda biyu suna ba yaro kalori kusan 190 da sinadarin gina jiki kimanin giram 5, abin da kwalbar lemo ba ta da ko ɗigonsa.

Mai karatu zai iya tambayar yadda abin da ba a dafa ba zai kwana bai lalace ba. Amsar tana cikin sukarin dabino, wanda yake riƙe ɗan ruwan da ke cikin haɗin ya hana ƙwayoyin cuta samun danshin da suke bukata don hayayyafa, kamar yadda zuma take daɗewa a tulu. Saboda haka idan busasshen dabino aka samu har aka jiƙa shi don ya yi laushi, wajibi ne a tsane shi sosai, a kuma cinye abin da aka haɗa cikin kwana biyu ko uku, domin ruwan da aka ƙara ya rage wannan kariya. Tun da wuta ba za ta taɓa shi ba, tsabtar hannu da turmi da mazubi ita ce kaɗai shamaki tsakanin yaro da cutar gudawa.

Amma fa zuma da zaƙi da harbi, kuma akwai ƙorafe-ƙorafe biyu da bai kamata a kau da kai daga gare su ba. Na farko shi ne sukari. Zaƙin dabino sukari ne, ko da yake daga bishiya ya fito, kuma dunƙule biyu suna ɗauke da fiye da giram 20 nasa. Yana manne wa haƙora, don haka sai an kurkure baki bayan an ci. Mai ciwon sukari kuwa kada ya ɗauka cewa an ba shi lasisi, sai ya nemi shawarar likitansa game da adadin da ya dace da shi. Amfanin dunƙulen yana tabbata ne idan ya maye gurbin minti da lemo, ba idan aka ɗora shi a kansu ba.

Ƙorafi na biyu ya fi haɗari. Gyaɗar da ba ta bushe da kyau ba, ko aka ajiye ta a wuri mai danshi, takan yi fumfuna, kuma wani nau'in fumfunar yana fitar da guba mai suna aflatoksin. An gano wannan guba ne bayan da talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila a 1960 sakamakon cin abincin da aka haɗa da gurɓatacciyar gyaɗa. Bincike ya tabbatar da cewa tana haddasa sankarar hanta, musamman ga masu ɗauke da ciwon hanta nau'in B, kuma suya ba ta kashe ta gaba ɗaya. A Kenya a 2004 mutane 125 suka rasu bayan cin masarar da ta gurɓata da ita. Maganin abin a gida shi ne tsincewa: duk ƙwayar da ta yamutse, ko ta canja launi, ko ƙwari suka huda, ko take ɗaci a baki, a zubar da ita. A gona kuwa, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe, wanda ake watsawa a gona don rage wannan guba tun daga tushe. Haka kuma ba a bai wa wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa, kuma ga ƙananan yara sai an daka ta ta yi laushi sosai don gudun shaƙewa.

Waɗannan matsaloli dalilai ne na yin aikin bisa ilimi, ba na watsi da shi ba. Ƙasar da ta taɓa gina dalar gyaɗa a Kano ba ta rasa gyaɗa ba, ga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya da ta fitar da ingantattun irin gyaɗa, ga kuma tashar binciken dabino a Dutse ta Jihar Jigawa, baya ga dabinon da ke shigowa daga yankin Agadas. Ya kamata sassan kimiyyar abinci na jami'o'i su auna wannan haɗi, su fitar da awo tabbatacce da tsawon kwanakin ajiyarsa, su kuma rubuta sakamakon cikin Hausa. Malaman koyar da tattalin gida su saka shi cikin darasi. Shugabannin makarantu su ba wa matan da ke sana'ar dakuwa wuri a bakin ƙofa, bisa sharaɗin tsabta da tsince gyaɗa. Uwa kuwa ba ta bukatar jiran kowa: turmi yana tsakar gida, kuma aikin rabin sa'a ya isa ya cika jakar yaranta da abin tara na kwanaki.