A Kai Shi Gaban Alƙali!

Jama'ar Birnin Kudu da Gwaram. Iyayena, yayyena, ƙannena, ku ara mini kunnuwanku.

Ba wanda zai ba mu labarin zafin ta'addanci. A watan Afrilun 2014, cikin dare, 'yan bindiga suka faɗa wa garin Gwaram. Suka dira a ofishin 'yan sanda, da kotu, da banki. Suka kashe 'yan sanda bakwai da farar hula ɗaya. Marayun da suka bari suna nan. Duk mai hannu a irin wannan ta'asa, a kama shi. A hukunta shi, hukunci mai tsanani. Amma alƙali ne zai yanke hukuncin, bayan an kawo shaida. Ba mai bindiga ba, ko da kakin gwamnati ne a jikinsa.

Ku tuna inda wutar ta taso. Ranar 30 ga Yulin 2009, sojoji suka kama shugaban Boko Haram, Muhammad Yusuf, da ransa a Maiduguri, suka miƙa shi ga 'yan sanda. Kafin gari ya waye ya zama gawa. Ba kotu, ba shaida. Su wa suka ɗaure masa gindi? Daga ina kuɗi da makamai suke zuwa? Duk ya tafi kabari da amsar. Surukinsa, dattijo Baba Fugu, da ƙafarsa ya kai kansa wurin 'yan sanda, shi ma aka kashe shi. A 2010 babbar kotun Borno ta ce kisan ya saɓa wa doka, ta umarci a biya iyalinsa naira miliyan 100. An ce da mu fitina ta ƙare. Ta ƙare? A watan Satumban 2010 'yan Boko Haram suka fasa gidan yarin Bauchi, nan maƙwabtanmu. Kafin a cika shekara huɗu suna ƙofar Gwaram. Kisan gilla bai kashe fitinar ba, sai ma ya ba Shekau, magajin Yusuf, abin da zai riƙa yaudarar yara da shi.

Wani zai ce, to ni ina ruwana, ɗana ba ɗan ta'adda ba ne. Saurara, ɗan'uwa.

Ranar 20 ga Satumban 2013, jami'an tsaro suka buɗe wuta a wani kango a unguwar Apo, Abuja. Suka ce maɓoyar Boko Haram ce. Mutum takwas suka mutu. Su wane ne? 'Yan Keke Napep da masu ƙananan sana'o'i, talakawan da ba su da kuɗin haya, suke kwana a kango. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta bincika, ta ce babu hujjar cewa 'yan ta'adda ne. Ta umarci a biya naira miliyan 10 kan kowane mamaci, miliyan 5 kan kowane ɗaya daga cikin goma sha ɗaya da suka ji rauni. Yanzu ku duba gidajenmu. Daga Sara, daga Basirka, daga Fagam, daga Kantoga da Wurno da Sundimina, samari nawa ke tafiya ci-rani da zarar an gama girbi? A ina suke kwana a Abuja da Legas da Fatakwal? A kango. A tasha. A bakin masallaci. Da gemu, da hula, da Hausa a baki. Abin da ya faru a Apo, a kan irinsu ya faru.

Ga kuma Tudun Biri a Kaduna. Ranar 3 ga Disamban 2023, jirgin soja maras matuƙi ya jefa bam a kan masu Maulidi, aƙalla mutum 85 suka rasu. An hango taro daga sama, aka yi zato. Zato zunubi, in ji magabata. Can Amurka ma, a 2011 gwamnati ta kashe ɗan ƙasarta Anwar al-Awlaki a Yaman da irin wannan jirgin ba tare da shari'a ba, bayan mako biyu wani harin ya kashe ɗansa mai shekara 16.

Ba soja muke yaƙa ba. 'Ya'yanmu ne a cikin kakin nan, muna yi musu addu'a. Sojan da aka buɗe wa wuta a daji ya rama, doka tana bayansa, mu ma muna bayansa. Amma wanda ya ajiye makami, wanda aka ɗaure wa hannu, wanda ke bayan kanta, ransa amana ne. Sashe na 33 na Kundin Tsarin Mulki ya kare ransa. Sashe na 35 ya ce a sanar da shi dalilin kama shi a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Sashe na 36 ya ɗauke shi marar laifi har sai kotu ta tabbatar. Addininmu ma bai halatta jinin mutum a kan jita-jita ba. Kuma hanyar kotu tana aiki. Tun 2017 ake shari'ar waɗanda ake zargi a barikin Kainji. An ɗaure ɗaruruwa. An kuma saki ɗaruruwa saboda babu shaida a kansu. Da an harbe su tun a daji fa?

To, ku tashi!

Idan aka ɗauke wani a unguwarku, kada ku rufe ƙofa ku ce Allah ya kyauta. Ku rubuta sunansa. Ku rubuta rana da lokaci, da lambar mota, da irin kakin. Kafin rana ta faɗi ku ɗauki mai unguwa ku je caji ofis. Ku tambaya cikin ladabi: yana ina, me ya yi, yaushe za a kai shi kotu? In ba a amsa ba, ku wuce wurin dagaci da hakimi. Ku tafi Dutse, ku kai kuka Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam. Ku nemi lauyoyin gwamnati masu taimakon marasa ƙarfi kyauta. In aka ce za a riƙe uba ko mata har sai wanda ake nema ya fito, ku sani Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta haramta kama wani a madadin wani. Wata doka ta 2017 kuma ta haramta azabtarwa.

Kai da kuke rikicin gona da maƙwabcinka, ka ji tsoron Allah! Kada ka rubuta sunansa a matsayin mai kai wa ɓarayin daji rahoto don ka huce haushi. In ka ga abin zargi na gaske, ka kai rahoto, ka faɗi abin da idonka ya gani kawai.

'Yan sa-kai da 'yan banga, sannunku da ƙoƙari. Kun kama? Ku miƙa shi da ransa. Bafulatanin da ya shigo kasuwa da sandarsa ba laifi ya yi ba.

Samari, in an turo muku bidiyon ana harbin ɗaurarre, kada ku yi kabbara, kada ku yi tafi. Ku tambaya: wace kotu ta yanke?

Iyaye mata, ku raka uwar da aka ɗauke wa ɗa. Kada ta tafi ita kaɗai.

Malamai, limaman Juma'a, Allah ya gafarta muku, mumbari a hannunku yake. Ku yi huɗuba a kan alfarmar jini.

'Yan majalisarmu za su dawo neman ƙuri'a. Ku tare su. Ku tambaye su mutum nawa daga mazaɓarsu ke tsare ba shari'a, da abin da suka yi a kai. In a unguwarku akwai gidan da aka ɗauke wa mutum har yau ba labari, ku je gidan yau bayan la'asar, da takarda da biro, ku fara rubuta sunansa.