Hannun da Ke Yaƙi da Kai

A ƙarƙashin ɗankwalin ƙanwata akwai wani fili, faɗinsa kamar tafin jariri, inda gashi ya ƙare. Ita ke tsige shi da hannunta, sili-sili, da dare idan tana karatu. A gidanmu a Gumel an kira abin sakarci, aka doke hannun. Da bai daina ba aka ce iska ce, aka sayo turare a kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Shekara uku ana hayaƙi, fili yana ƙara faɗi.

Ina tuhumar wannan hukunci namu da zalunci. Tun 1889 wani likitan fata na Faransa, Hallopeau, ya raɗa wa cutar suna. A 1973 Azrin da Nunn na Amurka suka tsara hanyar horar da hannu: mutum ya riƙa lura da lokacin da sha'awar tsigar ke taso masa, ya dunƙule hannu ko ya damƙe wani abu har ta lafa, wani na kusa yana ƙarfafa masa gwiwa. Haka ma ake yi wa mai ƙwaƙular fatarsa har ta yi jini.

Yau ana koyar da wannan horo ta intanet, darasi bayan darasi, kuma da shi na tallafi ƙanwata, ina fassara mata daga Turanci. Masu cewa waya ba ta magani suna da rabin gaskiya: wadda ke haɗiye gashin, ko baƙin ciki ya danne ta, likita take buƙata. To amma yarinyar Gagarawa ko ta Sule Tankarkar, da kuɗin motar wa za ta je asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure? Wane uba ne zai yarda a ga 'yarsa a can tana gab da aure? Hana ta darasin waya da sunan jiran likita, hana ta komai ne.

Aibin darussan shi ne ba su jin Hausa. Ina kira ga hukumomin lafiya na Jigawa da su sa ƙwararru su naɗe su da murya, cikin harshenmu, a yaɗa ta WhatsApp da rediyo, domin wadda ba ta da yayar da ta yi boko.

Ƙanwata ba ta rabu da abin gaba ɗaya ba. Lokacin jarrabawa hannun yakan koma. Amma da Sallar bana ta zauna a gaban mai kitso, ta cire ɗankwalinta da kanta.