Ina Za Mu Kai Baƙo Ya Ci Abinci?

Ɗalibi, wata rana za ka gama makaranta ka kama aiki. Wataƙila a wurin aikin nan a yi muku baƙo daga ƙasar waje, a ce kai ne za ka kai shi cin abinci. Ina za ka nufa da shi? Tambayar tana da sauƙi a baki, amma ni ta taɓa ba ni kunya, shi ya sa nake so mu tattauna ta tun yanzu.

Shekarun baya wani malamin harsuna ya zo makarantarmu a Ibadan daga Amurka, domin ya yi mako guda tare da mu. Kafin ya iso, mu malamai muka zauna shawara. Ba a daɗe ana magana ba aka yanke cewa daren farko za a kai shi gidan fiza, dare na biyu kuma gidan da ake gasa naman sa irin na Turawa, wato sitek. Dalilinmu shi ne wai abin da ya saba ci ke nan. Muka yi karo-karo, kowa ya ba da abin da ya fi ƙarfin aljihunsa. Baƙo ya ci, ya yi godiya, amma bai ce komai game da abincin ba. A rana ta uku muna wucewa ta unguwar Sabo da yamma, sai ya ga hayaƙi yana tashi, mutane sun kewaye wata tukuba. Ya tambaye ni, "Me suke saye a can? Me ya sa ba ku kai ni ba?" Na rasa amsa.

Ra'ayina shi ne mun yi kuskure, kuma kuskuren ya fara ne daga yadda muke kallon abincinmu.

Fiza abinci ne mai daɗi, ban ƙi ta ba. Asalinta daga birnin Nafoli ne a ƙasar Italiya. Gurasa ce mai faɗi da ake shafa wa tumatir, a zuba cuku, a gasa a tanderu mai zafi ƙwarai. A shekarar 2017 hukumar UNESCO ta sanya sana'ar masu yin fiza na Nafoli cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. A Nijeriya kuwa ba ta daɗe da yaɗuwa ba. Kamfanin Domino's, alal misali, a 2012 ya buɗe shagonsa na farko a Legas. Saboda sabuwa ce a wurinmu, kuma da tsada, sai muke ɗaukar ta abincin manya. A Amurka ba haka take ba. Abincin gaggawa ce, ɗalibai da ma'aikata suna sayen yanka ɗaya su ci a tsaye. Ka ga ke nan mun tara kuɗi mun saya wa baƙonmu abin da yake ci idan ya rasa lokacin girki. Kamar a ce ka je Amurka, mai masaukinka ya yi ado, ya ɗauke ka a mota, ya kai ka shan garin kwaki.

Batun sitek ya ɗan bambanta. Yanka ne mai kauri na naman sa, ana gasa shi na 'yan mintoci, kuma da yawa daga masu son sa sun fi so cikinsa ya rage ja. Irin wannan gashi yana buƙatar nama mai taushi sosai. Shanunmu kuwa kiwo suke fita, suna tafiya mai nisa, don haka namansu ya fi tauri. Mahautan Hausa sun san haka tun da daɗewa, kuma sun san maganinsa: su yanka naman siriri, su tsire shi a tsinke, su barbaɗa masa garin ƙuliƙuli da yaji, su yayyafa man gyaɗa, su jera shi a gefen wuta ya gasu a hankali. Wannan ƙwarewa ce, ba ta gaza ta mai gasa sitek ba.

Tun da Hausa kake koyo, bari in ɗan ratse. Abin da kake kira suya a garinku, Bahaushe yana da sunaye dabam-dabam gare shi. Na jikin tsinke shi ne tsire. Wanda aka gasa ba tsinke, a yanka maka gwargwadon kuɗinka, shi ne balangu. Wanda aka feɗe kamar takarda, aka shanya, aka tsoma a kwaɓin tunkuza da kayan yaji, aka sake shanyawa sannan aka gasa, shi ne kilishi. Ita kalmar suya a Hausa daga "soya" ta fito. Duk da haka ta yi tafiya mai nisa, har ta shiga babban ƙamus na Ingilishi na Oxford. Mutanen waje sun san sunan, mu kuma muna ɓoye abin.

Ba kuma tsire kaɗai nake nufi ba. In a Ibadan kake, akwai amala da miyar ewedu. In a Inugu ne, akwai abacha da okpa. A Kalaba akwai miyar afang. A Kano akwai waina, da tuwon shinkafa, da gurasa bandashe, wadda in ka dube ta da kyau za ka ce 'yar'uwar fiza ce: gurasa a ƙasa, ƙuliƙuli da albasa da tumatir a sama.

To, amma abokan aikina ma suna da hujja, kuma dole in faɗe ta. Sun ji tsoron kada baƙo ya yi ciwon ciki a hannunmu. Wannan tsoro na gaskiya ne. Wanda bai saba da barkono ba yana iya kwana bai runtsa ba. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne gyaɗa. Akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓar gyaɗa ko kaɗan, har numfashinsu yakan toshe in sun ci, ga shi tsire da kilishi duk da gyaɗa ake yin su. Wani baƙon ba ya cin nama sam, wani kuma addininsa ya hana shi wasu abubuwa. Sai dai gidan fiza ba ya warware ko ɗaya daga cikin waɗannan, domin can ma akwai nama, akwai cuku da wasu ba sa iya ci. Abin da ke warware su shi ne tambaya, ita ce kuwa ba mu yi ba. Mun zauna mu bakwai muna shawara a kan cikin mutum, ba wanda ya ce a tambaye shi.

Saboda haka idan ranarka ta zo, ka fara da tambayarsa: "Akwai abin da ba ka ci? Kana iya cin yaji?" Daga nan ka zaɓi wuri mai tsabta, inda ake gasa nama a gabanka a miƙo da zafinsa. Ka ce a sa yajin a gefe, ya ɗiba da kansa. Ka saya masa ruwan roba wanda ba a buɗe ba. In bayan kwana uku ko huɗu ya ce yana marmarin abincin gida, sai ka kai shi ya ci fizarsa, ba laifi.

Mu dai a daren nan muka koma Sabo. Na tambaye shi batun gyaɗa, ya ce ba ta damun sa. Ya ci tsire tsinke huɗu, hawaye na zuba saboda yaji, yana ta yi wa mai nama tambayoyi ina fassarawa. Ranar tafiyarsa ya sayi kilishi zai kai wa iyalinsa, sai muka tuna masa cewa jami'an kwastan na Amurka ba sa barin matafiyi ya shiga da irin wannan nama. Muka cinye shi tare a mota, a kan hanyar Legas.