Sharhi: Ciwon idon jarirai da giɓin da ke tsakanin asibiti da ɗakin mai jego

A gidaje da dama, idan jariri ya wayi gari da kumburin fatar ido da kwantsa mai kauri kafin ranar suna, abin da ake fara yi shi ne a ɗiga masa nonon uwa ko a ja masa kwalli, sannan a zuba ido. Wannan jiran shi ne babban haɗari, domin wani nau'in ciwon yana iya huda tantanin da ke rufe baƙin ido cikin kwana ɗaya zuwa biyu, kuma idan hakan ta faru da wuya gani ya dawo.

Yawanci jariri kan ɗauki ƙwayar cutar ne daga mahaifiyarsa a lokacin haihuwa. Ta ciwon sanyi takan bayyana tsakanin kwana 2 zuwa 5, ita ce kuma mafi saurin ɓarna. Ta kilamidiya takan jinkirta zuwa kwana 5 zuwa 14. Mata da yawa suna ɗauke da waɗannan ƙwayoyi ba tare da jin wata alama ba.

Rigakafin ya daɗe da samuwa. A shekarar 1881 likitan Jamus Carl Credé ya wallafa sakamakon ɗiga ruwan sinadarin azurfa a idon jarirai a birnin Leipzig, inda ciwon ya sauko daga kusan kashi 10 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 1. A yau Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a shafa wa kowane jariri maganin rigakafi a idanu biyu da zarar an haife shi, kamar man tetracycline mai kashi 1 ko erythromycin mai kashi 0.5.

Matsalar Najeriya ita ce wurin da ake haihuwar. Binciken Alƙaluman Jama'a da Lafiya na shekarar 2018 ya nuna kashi 39 cikin ɗari kacal na haihuwa ake yi a cibiyoyin lafiya, a Arewa maso Yamma kuwa kusan kashi 16. Duk tsarin da ya ajiye maganin a ɗakin haihuwa na asibiti kaɗai ya bar mafi yawan jarirai a waje.

Sai dai miƙa magani ga gidaje ba tare da bayani ba shi ma yana da nasa haɗarin. A watan Fabrairun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi kan chlorhexidine, maganin da ake sa wa cibiya, bayan an samu jarirai a wasu ƙasashen Afirka da aka sa musu shi a ido bisa kuskure, wasu har suka makance. Kwalbarsa ta yi kama da ta maganin ido, kuma ba kowace uwa ke iya karanta rubutun jikinta ba.

Wannan ya ɗora nauyi a wurare uku. Hukumar NAFDAC ce ke da hurumin tabbatar da cewa mazubin maganin cibiya ya bambanta da na ido ta yadda ko wanda bai yi karatu ba zai gane. Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa da takwarorinta na jihohi su ne za su wadata ƙananan asibitoci da man idon, su kuma horar da ungozomomi kan gane alamar haɗari. A wajen awon ciki kuwa, gano ciwon sanyi da yi wa mace magani tare da mijinta yana tare cutar tun daga tushe.

Idan ciwon ya riga ya kama, man shafawa bai isa ba. Jaririn da idonsa ke fitar da mugunya yana buƙatar ganin likita a ranar, domin nau'in ciwon sanyi sai da allura ake kashe shi. Al'adar tsare mai jego a ɗaki har a yi suna bai kamata ta hana wannan fita ba.