Sukari a abincin yara: Abin da ya kamata iyaye a Mafara, Bakura da Maradun su rage

A yankin da cutar tamowa ke kwantar da ƙananan yara a asibiti, batun rage wa yaro sukari kan yi kama da matsalar masu hali. A Talata Mafara, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke tallafa wa jinyar yara masu tamowa, tambayar da ta fi damun iyaye ita ce ko yaro ya ƙoshi. Sai dai ƙoshi daban, gina jiki daban.

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin ɗari na kuzarin da mutum ke samu a rana, kuma ya fi kyau ya sauka ƙasa da kashi 5, kimanin ƙaramin cokali shida ga baligi. Kwalba ɗaya ta lemun kola mai santilita 35 tana ɗauke da kusan cokali tara. A 2023 hukumar ta ƙara da cewa kada a ba yara 'yan wata 6 zuwa 23 abin sha mai sukari.

Gwamnatin Tarayya ta sanya harajin Naira 10 kan kowace lita ta lemun kwalba a Dokar Kuɗi ta 2021, aka fara karɓa a 2022. Tsadar kayayyaki ta riga ta cinye tasirin wannan kuɗi, kuma harajin bai shafi zoɓo, kunun zaƙi, alewa da shayin da ake cika wa sukari ba. A nan yawancin yaran Mafara, Bakura da Maradun ke samun zaƙinsu, a gida da bakin makaranta.

Illar ba ta tsaya ga ƙiba da ruɓewar haƙori ba. Cikin yaro ƙarami ne. Idan kunu mai ruwa-ruwa da sukari ya cika shi, babu sauran wurin wake, ƙwai ko nono. Ma'aikacin da ya saya wa ɗansa lemo da biskit bayan an biya albashi yana ganin gata ya yi masa, alhali kuɗin zai sayi abin da ya fi amfani.

Don haka a wannan yanki sukari ne abin ragewa, ba yawan abinci ba. Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978, tana ba ƙananan hukumomin uku damar noman rani, kuma kasuwanninsu na da gyaɗa, wake, dankali, zogale da nono. Kunun gyaɗa mai kauri, awara, ko fura da nono ba tare da tulin sukari ba sun fi lemo riƙe yaro. Ana iya rage cokali ɗaya a kowane mako har harshensa ya saba.

Togaciya ɗaya ce: abincin magani na RUTF da ake ba masu tamowa yana da sukari da mai da gangan, domin farfaɗo da jikin da ya rame. Ba a rage shi, ba a raba shi da lafiyayyun yara, ba a kai shi kasuwa.

Sauran aikin yana wuyan hukumomin ilimi da na lafiya na Zamfara: su duba abin da ake sayarwa a ƙofar makarantu, su kuma sanya wannan bayani cikin darasin da ake yi wa iyaye mata a ranakun awo da rigakafi.