Lafiya Uwar Jiki: Haƙorin Yaro Ba Cuta Ba Ne

Duk wanda ya ratsa unguwannin Hausawa na birnin Ikko da la'asar, kamar su Agege da Idi-Araba, ba zai rasa cin karo da mai tallar magani a faranti ba. Ga ƙwayoyi ja da fari, ga kwalabe na ruwa, duk sun wuni a rana. Daga cikin abin da mata suka fi aikawa a sayo musu har da wanda ake kira maganin haƙori, domin an daɗe da ɗauka cewa in jariri ya soma zazzaɓi da gudawa, to haƙori ne ke tafe.

Wannan zato ya taɓa jawo babbar hasara a ƙasar nan. A watan Nuwamba na 2008, asibitocin koyarwa na Ikko da Ibadan da Zariya suka soma karɓar yara ƙanana masu amai da gudawa, waɗanda fitsari ya ɗauke musu. Da aka bincika sai aka tarar yawancinsu an ba su wani maganin haƙori mai suna My Pikin, wanda kamfanin Barewa Pharmaceuticals yake haɗawa a Ikko. Kafin ƙurar ta lafa, Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ba da sanarwa a 2009 cewa yara 84 sun rasu. A 2013 Babbar Kotun Tarayya ta Ikko ta yanke wa ma'aikatan kamfanin biyu ɗaurin shekara bakwai-bakwai.

Abin da ya yi ɓarnar wani sinadari ne da ake kira dayetilin gilaikol, irin wanda ake sawa a man birkin mota. Yana da zaƙi-zaƙi, kuma ya yi kama da ruwan da masu haɗa magani suke narka ƙwaya a ciki, amma ya fi shi araha. In ya shiga jikin yaro, ƙoda yake kashewa. Ba wannan ne karo na farko ba, domin a 1990 yara fiye da 100 sun rasu a Jos da Ibadan ta sanadiyyar farasitamol na ruwa mai wannan guba. Har ila yau a 2022 yara kimanin 70 suka halaka a ƙasar Gambiya bayan sun sha maganin tari da aka shigo da shi daga Indiya.

Abin takaici shi ne, fitar haƙori ba ta bukatar kwalba tun da farko. Likitocin yara sun tabbatar cewa haƙori yakan kawo ƙaiƙayin dasashi da dalalar yawu da ɗan rigima, amma ba ya kawo zazzaɓi mai zafi ko gudawa. Abin da ke rikita iyaye shi ne lokaci. Haƙorin fari yakan ɓullo wajen wata shida, daidai sa'ad da garkuwar da yaro ya samu daga mahaifiyarsa take raguwa, ana soma ba shi kunu, yana kuma jan ciki yana kai kome baki. A gidan haya mai yawan jama'a, inda ake sayen ruwa a garwa, kwata kuma tana ƙofar ɗaki, ƙwayar cuta ba ta da wuyar samu. Saboda haka zazzaɓin da aka ɗora wa haƙori sau da yawa na cizon sauro ne, ko ciwon kunne, ko na ƙirji. Kwana ukun da aka ɓata ana ɗura maganin haƙori, su ne cutar take yin ƙarfi a cikinsu.

To, me ya kamata uwa ta yi? In ƙaiƙayi ne kawai, ta wanke hannu ta murza masa dasashi a hankali, ta ci gaba da ba shi nono. In jiki ya yi zafi, a kai shi asibiti a gwada jini, ga Babban Asibitin Orile Agege da ƙananan asibitocin unguwa. In gudawa ce, a soma ba shi ruwan gishiri da sukari na ƙunshi, a dama yadda aka rubuta, tare da ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14. Amma in yaro ya wuni bai yi fitsari ba, ko ya ƙi nono, ko ya yi laushi, to kada a jira gari ya waye.

Maigida kuma yana da nasa nauyin, tun da daga aljihunsa kuɗin ke fita. Dokar ƙasa ta hana tallar magani a kasuwa da tasha da cikin mota. Idan likita ya rubuta magani, a saya a kantin magani mai lasisi, a duba lambar rajista ta hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, da ranar da maganin zai lalace, da lambar rukunin da aka haɗa shi a ciki. Ko da yake wannan bai kawar da haɗari baki ɗaya ba, da waɗannan lambobi ne hukuma take bin sawun magani ta janye shi in ya ɓaci. Wanda aka ƙirga a tafin hannu aka ƙulle a leda kuwa, ba shi da sawu.

Ya kyautu Sarakunan Hausawa na Ikko da limamai da malaman Islamiyya su sa baki, musamman a wuraren suna da wa'azin mata, inda ake gadon irin wannan shawara daga kaka zuwa jika. Mai talla neman abinci yake yi, amma farantin da ya ɗauki ƙwaya zai iya ɗaukar goro ko dabino. Araha ba ta ado, balle a kan ran ɗa. Allah ya raya zuri'a, amin.