Dogon Turanci a gidan gem: Wai wa ake burgewa?

Ranar wata Lahadi bayan La'asar na bi ƙane na gidan gem ɗin da ke bayan layin mu don in karɓo cajar waya ta da ya ɗauka bai faɗa mani ba. Na tarar ya na tsakiyar wasa, ya ce in yi haƙuri a tashi. Sai na samu benci na zauna. Talabijin huɗu ne a shagon, kowace da yara biyu a gaba da 'yan kallo a baya, janareto na ta ruri a waje. A wadda ke kusa da ni wani saurayi ya samu ɗan ƙaramin yaron da ko maɓallan bai gama sani ba, ya na ta ɗura masa ƙwallaye. Da ya ci ta shida, wadda gola ya zubar masa a ƙafa shi kuma ya tura kawai, sai muryar Baturen da ke sharhi a cikin na'urar ta ɓarke da wata doguwar jimla mai ado da kwalliya, har da wata kalma da ni mai difloma sai da na lalubo ta a ƙamus ɗin waya. Kafin in bar shagon, cikin abin da bai kai awa ɗaya ba, na ji jimlar nan sau uku. Babu yaro ko ɗaya da ya ɗaga kai.

Da dare a majalisa na kawo zancen, sai wani aboki na marubucin littattafan soyayya ya taso mani haiƙan. Wai ai irin wannan sharhi shi ne adabi. Wai ni da na ke kiran kai na mai sharhin fim bai kamata a ji ni ina kushe kyakkyawan lafazi ba, kuma da irin kalmomin nan ne yaran mu za su koyi Turanci. Mu ka yi ta musu har mai shayi ya fara kwashe kofuna. Tunda a can ya fi ni ƙarfin murya, na ce bari in kawo ƙara ta nan inda ba mai katse ni.

Matsayi na a fili ya ke. Sharhin wasan ƙwallo na na'ura da sauƙaƙan kalmomi ya kamata a yi shi, kalmomin yau da kullum, gajeru, waɗanda kunne zai cafke ba tare da ya aika wa ƙwaƙwalwa takardar neman bayani ba. Baƙuwar kalma a wannan wuri ɓarnar kuɗin kamfani ce kuma wahalar da mai wasa ce.

Mai karatu, fara duba yadda ake haɗa abin. Babu wani Bature da ke zaune cikin PlayStation ya na kallon wasan ka. Kamfani ne ke ɗaukar mai sharhi ya kai shi situdiyo, kamar dai yadda ake kai mawaƙan mu, ya yi kwana da kwanaki ya na karanta jimloli: ta fasin, ta keta, ta ƙwallon da ta bugi ƙarfe, ta ci. Sunan ɗan wasa ɗaya ma sai ya faɗe shi da murya iri-iri, ta natsuwa, ta ɗoki, da ta ihu. Daga nan sai a yayyanka, a adana, a bar wa na'ura aikin zaɓo guntun da ya yi kama da abin da ya faru a fili ta jona shi da sunan. Haka EA Sports su ka yi da John Motson a shekarun 1990, su ka yi da Martin Tyler na tsawon shekaru, sannan Derek Rae, har zuwa 2023 da su ka rabu da sunan FIFA su ka koma EA Sports FC. Haka Konami na ƙasar Japan su ka yi da Peter Brackley da Trevor Brooking a zamanin PES 6 na 2006, wanda shi ne ya cinye mana kuɗin tara a firamare, sannan Jon Champion, sannan Peter Drury daga PES 2016.

To ga inda gizo ke saƙar. Duk yawan jimlolin da aka ɗauka, su na da iyaka. Wasa kuwa ba shi da iyaka. Yaron da ke buga wasa biyar a yini, a wata ya buga ɗari da hamsin. Kowace jimla sai ta dawo, ta sake dawowa, ta kuma dawowa. Idan jimlar ita ce "ya buga, ta fita waje", za ka ji ta sau dubu ba ka ma lura ka ji ba, kamar yadda ba ka lura da ƙarar fanka. Amma idan jimla ce mai ɗauke da wata baƙuwar kalma mai walƙiya, jin farko za ka ce kai, Baturen nan ya iya magana. Ji na biyu ka yi murmushi. Ji na goma sai ka fara faɗin ta kafin ya faɗa, don ba'a. Daga nan asiri ya tonu, ka san kaset ne ke juyawa, alhali ilahirin dalilin sa sharhin shi ne a ruɗe ka ka ɗauka a filin wasa ka ke. Tuwo ake ci kullum. Wanda aka ce kullum safe da dare alkaki zai ci, kafin sati ya zagayo shi zai roƙi a kawo masa kanzo.

Aboki na ya kafa mani hujja da Peter Drury, kuma na san da yawan ku shi za ku kawo. Ni ma masoyin sa ne, kada a yi mani mummunar fahimta. Ranar 10 ga Afrilu, 2018, Roma ta karɓi baƙuncin Barcelona bayan an lallasa ta 4-1 a wasan farko. Ba wanda ya ba ta rai. Sai ga shi a minti na 82 Kostas Manolas, ɗan ƙasar Girka, mai tsaron bayan da ya ci gidan su da kan sa a wasan farko, ya sa kai ya ci ta uku, wadda ta fitar da Barcelona. Nan take Drury ya shiga zuba zance, ya na cewa Roma ta tashi daga kangon ta, ya na haɗa Manolas da gumakan tsohuwar Girka. Har yau ana yawo da muryar a waya. Amma me ya sa ta yi daɗi? Saboda birnin Rum ne mai tsofaffin kangaye, saboda Bagirke ne ya ci, saboda abin da ba a zata ba ne ya faru, kuma sau ɗaya ya faru a duniya. Lamarin ne ya biya kuɗin kalmomin. Ɗauko irin wannan lafazi ka ɗora a kan ci na shida da aka yi wa yaron da bai san maɓalli ba, sai ya zama kamar an naɗa wa jaki rawani.

Mu ai mun san wannan tun kafin a ƙirƙiro PlayStation. Je ka gidan dambe ka ga maroƙi. Ya san ɗan damben, ya san garin su, ya san wanda ya kashe bara, kuma idon sa na kan hannun da aka naɗe. Shi ya sa kirarin sa ke tsuma mutum. Da za ka naɗi muryar sa ka riƙa kunna wa duk yaran da su ka kaure da kokawa a bakin famfo, dariya za a yi.

Kuma in ana maganar sharhin da ya fi kowanne zama a zukatan masu kallon ƙwallon Ingila, ai ba na ƙamus ba ne. Ranar 13 ga Mayu, 2012, Manchester City na neman kofin da rabon ta da shi tun 1968, lokaci ya ƙare ana cikin ƙarin mintuna, Sergio Aguero ya ci QPR. Me Martin Tyler ya fara yi? Sunan mutumin kawai ya kira, ya ja ƙarshen sa har numfashi ya ƙare. Yaron da bai taɓa shiga aji ba ya fahimci wannan sharhi daidai da farfesan Turanci.

Akwai kuma matsalar lokaci, wadda marubucin namu bai taɓa tunanin ta ba domin shi a takarda ya ke aiki, inda jaruma za ta iya shafe shafi uku ta na kallon madubi. Wasan minti 90 ne aka matse cikin kamar minti goma. Kafin mai sharhi ya kai tsakiyar doguwar jimla, ƙwallo ta bar wannan raga ta isa waccan. Dole na'ura ta yi ɗayan biyu: ko ta guntule masa magana a baki, ko ta bar shi ya na yabon harin da ya riga ya mutu alhali ana can ana cin ka. Shi kuwa mai wasa idon sa na kan allo, yatsun sa na kan maɓalli, ɗan abin da ya rage masa na hankali bai isa fassara ba. Mai kallon fim zaune ya ke, hannu sake, darakta ya zaɓar masa daidai inda jarumi zai faɗi maganar da za ta ratsa shi, an rage kiɗa, kyamara ta matso fuska. A gem babu darakta. Yaron da ke riƙe da fad shi ne darakta, kuma bai san abin da zai yi nan da daƙiƙa biyu ba.

Batun koyon Turanci kuwa, a nan ne na fi jin haushi, don tsohuwar cutar mu ce ta ɗauka cewa wanda ba a gane maganar sa shi ne mai ilimi. Ita ce ta sa wasu masu rubuta fassarar Turanci a ƙasan finafinan mu ke buɗe ƙamus su zaɓo kalmar da ta fi tsawo, jaruma ta ce "ina jin yunwa" a rubuta abin da Baturen Ingila ma sai ya yi tagumi. Ita ce kuma, ta ɗaya gefen, ta sa a finafinan ƙauye ba a barin dattijo ya nemi ruwan sha sai ya jero karin magana uku. Yaro na koyon kalma ne idan ya ji ta daidai lokacin da ya ga abin. Ya ga an ɗaga tuta, ya ji kalmar, gobe ya sake gani ya sake ji, shi ke nan ta zauna. Haka mu ka koyi kona da fenareti da ofsayid ba tare da malami ba. Kalmar da ba ta nuna komai a allo, wadda aka sa don ado, wucewa ta ke yi ta saman kai kamar jirgi.

In ka na son shaida, tambayi yayyen mu da su ka buga Winning Eleven a PlayStation na farko. Da Japananci ake sharhin, muryar Jon Kabira. Ba su san ko kalma ɗaya ta harshen ba, amma har yau in an tuna zamanin sai ka ji ƙato da gemu ya na kwaikwayon ihun mutumin. Muryar ce ta yi aikin, hawa da saukar ta.

Zan yarda da aboki na a abu ɗaya. Sauƙi ba ya nufin talauci. Sharhin da ba shi da komai sai "ya ba shi, ya ba shi, ya buga" shi ma azaba ne. Sai dai maganin sa a ƙara yawan hanyoyin faɗin abu da kalmomin da kowa ya sani, a faɗi sunan ɗan wasa daidai, a kuma koya wa na'ura yin shiru ta bar ihun 'yan kallo ya yi magana. Kalmomin sana'ar ƙwallo kuma dole su zauna, don su ba baƙi ba ne a kunnen mai wasa. In ma kamfani ya nace sai ya sa lafazi mai nauyi, to ya kulle shi, kada ya fito sai a wasan ƙarshe na cin kofi, a minti na 90, inda mutum zai ji shi sau ɗaya a wata uku.

Abin da ya sa na damu har na ɓata shafin mujalla a kan "wasan yara" shi ne wata rana zancen zai iso ƙofar mu. Larabawa sun samu nasu tun FIFA 12, da muryar Issam Chaouali ɗan Tunisiya. Mu ma mun ji sharhin gasar Firimiya da Hausa a BBC, mun kuma ga yadda fassarar finafinan Indiya ta karɓu a hannun irin su Algaita, kuma ba don komai ta karɓu ba sai don an yi ta da Hausar da ake yi a tasha da kasuwa. Ranar da wani zai ce a sa Hausa a gem, na san abin da zai faru. Za a kafa kwamiti. Za a ce "fenareti" ba Hausa ba ce, sai dai "bugun daga kai sai mai tsaron gida". Ƙirga da kan ka, kalma bakwai, a wurin da ɗaya ta wadatar. A labaran rediyo ta na da daɗi, ban musa ba. A gem kuwa kafin a kai "tsaron" an buga, gola ya kaɗe, har an yi kona. Za a ce kada a ce "gola", kada a ce "rafali". Wani ma zai kawo shawarar duk cin da aka yi a saki karin magana. Ka ji "kifi na ganin ka mai jar koma" sau arba'in a yini ɗaya, ka gaya mani in ba za ka nemi inda ake kashe sautin ba. Ni da za a tambaye ni, a tafi gidan kallo ranar Asabar da rikoda, a ji abin da bakin mutane ke faɗa da kan sa in an zubar da ƙwallo a gaban raga: "Kai! Ya ɓarar!" Wannan ita ce Hausar da za a kai situdiyo, bayan an tace ashar ɗin.

A hanyar mu ta komawa gida ranar nan na tambayi ƙane na ko ya san ma'anar kalmar da na duba a ƙamus. Ya ce wace kalma? Na faɗa masa. Ya rantse bai taɓa jin ta ba, shi da ke shagon kusan kullum. Na ce to me ka ke ji in ka na wasa? Ya ce sunan ɗan wasan sa, da ihu in ya ci. Cajar kuwa ashe tun jiya ya ara wa wani.